Abin da mai bincike ke tararwa a saman bishiyar kurmi

Zainab: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Samaru, Zariya. Ga Malam Sani kamar kullum, ga kuma Yaya Yusuf da ya yi aikin bincike a kurmin Ngel Nyaki, can tsaunin Mambila a jihar Taraba. Yaya, me ke kai mai bincike hawa bishiya?

Yusuf: Ai Zainab, rayuwar kurmi a sama take. Ƙasa duhu ne, rana ba ta cika sauka ba. Furanni, 'ya'yan itace, tsuntsaye, birai, duk suna can.

Malam Sani: Gaskiya ne. Wani Ba'amurke, Terry Erwin, ya fesa magani a saman bishiyoyi a Panama, ya tattara ƙwarin da suka zubo. A 1982 ya ƙiyasta cewa ire-iren ƙwari a duniya za su iya kai miliyan 30. Masana sun yi ta jayayya kan adadin, amma daga nan hankali ya koma sama.

Zainab: To yaya ake hawan? Ba dai irin na masu tsinkar mangwaro ba.

Yusuf: Ina! Da danƙon harbi ake jefa siririn zare ya haye babban reshe, a jawo igiya mai ƙarfi da shi, a ɗaura ɗamara, a sa hular kwano, sai a dinga jan jiki a hankali.

Zainab: Ni maciji nake tunani.

Yusuf: Akwai su, koraye, sun saje da ganye, amma galibi suna jin motsi sai su sulale. Wanda ya fi ba mu tsoro ƙudan zuma ne. Kana rataye a igiya, ina za ka gudu? Shi ya sa kafin hawa ake tsayawa a leƙa kogunan bishiyar da madubin hangen nesa. Sai jajayen tururuwan nan masu haɗa ganye su yi gida. Na taɓa zama na kalle su dab da fuskata: wasu sun yi layi sun jawo bakin ganye biyu, wasu sun riƙo tsutsarsu a baki suna kai ta nan da can, zaren da take fitarwa yana liƙe ganyen, kamar tela da keke. Amma ka girgiza reshen, kafin ka ankara sun cika maka wuyan riga.

Malam Sani: Ikon Allah. Birai fa?

Yusuf: Malam, akwai cimfanzi a kurmin. Ganinsu da wuya, sai dai sheƙarsu. Kowane maraice sukan lanƙwasa rassa su shirya sabon wurin kwana, da waɗannan sheƙun ake ƙiyasta yawansu. Ko an yi kiciɓis da su, doka ce a ja baya, domin murar mutum tana iya halaka su.

Malam Sani: Ni abin da nake so ɗalibanmu su gane, ba sai an je Taraba za a fara ba. Rimin da ya cika birnin Zazzau yana cikin manyan bishiyoyin kurmi. Da rani furanninsa ke buɗewa, kuma da dare, jemagu su zo shan zaƙinsu suna yi masa barbara. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tsayawa gindin rimi bayan magariba suka ɗaga kai?

Zainab: Yaya, wane hali kurmin ke ciki yanzu?

Yusuf: Shi ne abin da ke damuna. Wutar daji da kiwo suna cin gefensa. Ana dashen itatuwa, ana shinge, kuma 'yan ƙauyukan da ke kewaye su ne ƙashin bayan aikin. Su suka san wace bishiya ke da zuma, su suka nuna mana inda ba a hawa.