Injin da Ƙwayar Maleriya ke Kutsawa Jininmu da Shi

Jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikinmu akwai wasu ƙananan injina na furotin da masana ke kira dangin AAA+. Yawancinsu guda shida ne ke haɗuwa su yi zobe mai rami a tsakiya. Makamashinsu sinadarin ATP ne, kuma da ƙarfinsa suke damƙe wani furotin da ya naɗe ko ya cukurkuɗe, su ja shi ta ramin har ya warware, kamar yadda tela ke zura zare a kafar allura. Da haka ake kwance furotin da ya lalace kafin a niƙe shi. Idan ɗaya daga cikin injinan nan, mai suna p97, ya samu tangarɗa ta gado, tsoka da ƙashi da ƙwaƙwalwa duk suna iya taɓuwa.

To mene ne namu a ciki? Zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar cutar, da zarar ta shiga jan ƙwayar jini, takan lulluɓe kanta cikin wata 'yar jaka. Daga nan sai ta riƙa tura ɗaruruwan furotin nata waje, su sauya ƙwayar jinin ta zama mai danƙo, ta manne a bangon jijiya don kada saifa ta tace ta. Wannan mannewar ce ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro har ya kai ga suma. Ƙofar da kayan ke fita ta cikinta, PTEX, masana a Ostireliya ne suka bayyana ta a 2009, kuma injin da ke tura kayan, HSP101, ɗan wannan dangi ne. A 2014 aka nuna cewa idan aka tsayar da shi, ƙwayar cutar ba ta iya ci gaba da girma. A 2018 aka ga siffarsa ƙarara.

A ganina, ƙasar da ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya, wato Najeriya, bai kamata ta zama 'yar kallo a wannan bincike ba. Aikin dai ba wasa ba ne: dole duk maganin da za a haɗa don tsayar da HSP101 ya kama injin ƙwayar cutar ya ƙyale 'yan uwansa na jikinmu. Ga shi kuma tuni aka tabbatar ƙwayar ta fara bijire wa atemisinin, babban maganin maleriya, a Ruwanda da Yuganda.