Zakin da Ba Ya Iya Kuka

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Wanda ya taso a shekarun 1990 a gidan da ke da bidiyo, ko a maƙwabtan gidan da ke da shi, da wuya bai san katun ɗin nan na The Lion King ba, wanda kamfanin Disney na Amurka ya fitar a 1994. Labarin ɗan zaki ne, Simba, wanda ƙanin ubansa ya hallaka uban, ya ɗora wa yaron laifin, sannan ya haye karaga. Bayan shekara 25, a 2019, Disney ta sake fitar da shi, wannan karon da zakunan da in ka gan su sai ka rantse daga dajin Kenya aka kamo su. Kowane silin gashi a fili, har ƙurar da ke tashi daga sawunsu.

Kwanan baya na zauna da 'yata ƙarama muka kalli biyun a jere. Akwai wurin da garken namun daji ya tattake uban, ɗan ya zo yana taɓa gawar, yana neman ya tashi su tafi gida. A na 1994, idanun yaron suka yi zuru-zuru, kunnuwa suka kwanta, baki ya karkace, hawaye ya gangaro. Yarinya ta cusa kai a rigata. A na 2019 kuwa, murya na ta rawa, amma fuskar tana nan yadda Allah ya yi fuskar ɗan zaki, ko gezau. Ta dube ni ta ce, "Baba, wannan bai san babansa ya mutu ba ne?"

Tambayar yarinyar nan ita ce sharhinmu na yau. Zakin gaske ba ya zubar da hawayen baƙin ciki, ba ya ɗaga gira, ba ya murmushi. Da zarar ka nace sai dabbarka ta yi kama da ta dawa, to ka ɗaure hannunka da kanka. Shi mai zane babu ruwansa da wannan. Zai iya ja wa zaki baki har kunne, ya sa raƙuman dawa da giwaye su hau kan juna suna rawa, ya mai da sama ja ko kore in waƙa ta buƙata. Mu da muka taso ana ce mana "ga ta nan ga ta nanku" mun san wannan tun ba a kawo majigi ba. Babu yaron da ya taɓa tsayar da kakarsa ya tambayi yadda Gizo yake magana da bakin gizo-gizo.

Abin dariya ma, shi wannan fim da ake tallarsa a sahun finafinan gaske, ba a ɗauki ko dabba ɗaya da kyamara a cikinsa ba. Daraktansa, Jon Favreau, da bakinsa ya ce hoto ɗaya tak ne na gaske, fitowar rana da aka buɗe fim ɗin da ita. Sauran duk aikin kwamfuta ne. Ke nan katun ne ya sa babbar riga yana cewa shi ba katun ba ne. Na farkon minti 88 ne, na biyun ya kai 118, kuma in ka nemi abin da ƙarin rabin awar nan ya ƙara wa labarin, sai ka sha wuya.

To me ya sa suke ta yi? Kuɗi. Fim ɗin ya tara sama da dala biliyan 1.6 a sinimomin duniya. Beauty and the Beast na 2017 ya haye biliyan ɗaya, Aladdin na 2019 shi ma haka. Lissafin a bayyane yake: yaran da suka kalli na asali su ne iyayen yau, su ke riƙe da aljihu. Waƙoƙin suna bakinsu, labarin suna sonsa tun kafin a buɗe ƙofa, don haka rabin tallar an gama ta shekaru 30 da suka wuce. Ɗan kasuwa ba ya barin hajar da ya san tana fita ya kama wadda bai gwada ba.

Kada in yi rashin adalci. Sakewar ta buɗe wasu ƙofofi. Lokacin da aka bai wa Halle Bailey, baƙar fata, matsayin 'yar ruwa a The Little Mermaid na 2023, an yi ta cece-ku-ce, amma yarinyar da muryarta ta rufe bakin da yawa. Shi kansa sabon fim ɗin zakin, Chiwetel Ejiofor, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, shi ya ɗauki muryar mugun, kuma kundin waƙoƙin da Beyoncé ta fitar tare da fim ɗin ya ɗauki su Burna Boy da Wizkid da Tiwa Savage da Yemi Alade. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kasuwar ba kullum take ci ba. Snow White, wanda na asalinsa na 1937 shi ne dogon katun na farko da Disney ta yi, an sake shi a 2025 da wadannin da kwamfuta ta ƙera, masu fuskar da ba ta mutum ba kuma ba ta zane ba. Abin da ya samo bai wuce dala miliyan 200 da 'yan kai ba, alhali abin da aka kashe a kansa ya zarce haka. Har an fara cewa zamanin sakewa ya ƙare, sai ga sabon Lilo & Stitch ya fito bayan wata biyu, shi ma ya haye biliyan ɗaya, masu kamfani suka gyara zama.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai a shekarar 2025 wani ɗan fim ne daga ƙasar Latbiya, mai suna Flow. Labarin wata kyanwa ce da ambaliya ta cinye duniyarta, ta faɗa kwalekwale da kare da wasu dabbobi, dole ta sa su zaman tare. Babu mai magana a ciki, ko kalma ɗaya. Kyanwa kukan kyanwa take yi, tsoronta a bayanta da ya gantsare da wutsiyarta kake ganinsa. An yi shi da manhajar Blender, wadda kyauta ce, kowa zai iya sauke ta, da kuɗin da bai kai dala miliyan 5 ba. Shi ya lashe kyautar Oscar ta katun a 2025, ya kayar da Inside Out 2 da ya tara kusan biliyan 1.7. Masu wannan fim sun gane abin da ya kuɓuce wa masu zakin: in kana son dabba ta zama dabba, ka bar ta da shirunta, in kuma waƙa kake so ta rera, ka zana mata bakin da zai iya.

Da can sai katun ya shekara 25 ko 60 kafin a tono shi. Yanzu haƙurin ma ya ƙare. Moana ya fito a 2016, aka sanya 2026 a matsayin shekarar fitowar na mutane, kuma Dwayne Johnson da ya yi muryar Maui a katun ɗin shi ne dai a sabon, da jikinsa. Shekara goma kacal. Yaran da suka kalli na farkon a cinyar iyayensu ko sakandare ba su gama ba.