Maharbin da ke riƙe baka da ƙafa

Hadiza: Masu sauraro, muna yi muku sallama daga Damagaram. Malam Lawali, yau za mu tattauna kan Matt Stutzman, Ba'amurken da aka haifa a 1982 ba shi da hannu ko ɗaya, amma ya yi suna a harbin kibiya.

Malam Lawali: Hajiya, duk wanda ya taɓa ganin mafarautanmu da kwari da baka ya san cewa hannu ɗaya ke riƙe baka, ɗayan kuma ya ja tsirkiya, don haka dole mu fara da yadda yake yi. Yana zama a kan kujera, ya ɗora kibiya da yatsun ƙafa, ya riƙe bakan da ƙafar dama, sannan ya maƙala tsirkiyar a wani ɗan ƙarfe da ke ɗaure a kafaɗarsa. Idan ya miƙe ƙafar, tsirkiya ta ja, sai ya saki kibiyar da motsin muƙamuƙi.

Hadiza: Shi ma ai ta farauta ya shigo, domin ya samar wa iyalinsa nama a jihar Iowa.

Malam Lawali: Haka ne, kuma cikin 'yan shekaru ya ci lambar azurfa a gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Landan a 2012. Sai dai ya dawo hannu rabbana daga Rio a 2016, haka kuma daga Tokyo, abin da masu ba da labarinsa kan tsallake, alhali a ganina nan ne aka gane ko ɗan gasa ne.

Hadiza: Ni kuwa, Malam, shekarar 2017 ta fi ɗaukar hankalina, lokacin da ya kara da maharba masu hannu biyu a gasar ƙasarsu ya kuma zo na ɗaya, domin alƙalai maki suke ƙirgawa, ba tausayi ba.

Malam Lawali: To, ki haɗa da wasan ƙarshe na Paris a 2024, inda ya harba kibau 15 daga nisan mita 50, ya sami maki 149 cikin 150, ya doke Ai Xinliang na ƙasar Sin, ya karɓi zinariya.

Hadiza: Wato kibiya ɗaya tak ce ta kauce wa tsakiya. A gasar kuma akwai Sheetal Devi ta Indiya, 'yar shekara 17, wadda ita ma da ƙafa take harbi, ta koma gida da lambar tagulla.