Darasi: Yadda Ake Gane Tayil ɗin Iznik a Fadar Topkapi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau Santambul muka nufa, fadar Topkapi ta sarakunan Daular Usmaniyya. Ta Turkiyya nake nufi fa, ba tamu ta Sakkwato ba. Sarki Muhammadu Fatih ne ya gina fadar bayan ya ci birnin a 1453.

Duk wanda ya shiga ɗakunan fadar, tayil ɗin bango ne zai fara ɗauke masa ido. Mafi kyawunsu daga garin Iznik da ke nan Turkiyya aka kawo. To, da me ake yin su? Ba jan yumɓu irin na tukunya ba ne. Farin dutse mai ƙyalli ake niƙawa, shi ne kusan kashi 80 cikin 100, a haɗa da ɗan farin yumɓu da garin gilashi. Shi ya sa farinsu yake fes kamar tangaran.

Zanen kuwa daga fada yake fitowa. Masu zanen sarki su zana fure a takarda, a bi layin da allura ana hudawa, a ɗora kan tayil, a barbaɗa garin gawayi. Da an ɗaga takardar, ga siffa ta fito ɗigo-ɗigo. Sai a cika da launi, a shafe da ruwan gilashi, a gasa.

Yanzu ku kasa kunne, nan ne gishirin darasin. Launi shi ke faɗin shekaru. Shuɗi da fari kawai aka fara da su. Ja bai shigo ba sai wajen 1557, lokacin da aka gama masallacin Sulaimaniyya na Santambul. Jan nan wata ƙasa ce mai ƙarfe a ciki, ana lafta ta da kauri, har idan ka shafa da yatsa za ka ji tudunsa. Ni dai a ganina babu launin da ya kai shi. Amma kada ku je can ku ce malam ya ce a shafa, masu gadi ba za su bari ba.

In Allah ya kai ku, ku nemi ɗakin Sarki Muradu na Uku, wanda magini Sinan ya gina a 1578. Ku ɗaga kai: Ayatul Kursiyyu ce ta zagaye bangon, farin rubutu a kan shuɗin tayil.