Faɗan kunkuraye a gida: jinyar rauni da raba su

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau darasinmu a kan kunkuru ne, wato babban kunkurun nan mai launin ƙasa da ake ajiyewa a gidaje, ɗan asalin yankinmu na Sahel daga Senegal har Sudan. Shi ne na uku a girma cikin kunkurayen tudu na duniya, namijinsa kan haura kilo 50.

Hausawa na cewa kunkuru ya so dambe, ba shi da yatsa. To, yatsa ne kawai ba shi da shi, makami kam yana da shi. Ku leƙa ƙarƙashin wuyan namiji, za ku ga ƙoƙon cikinsa ya fito gaba da baki biyu kamar gwafa. Da wannan yake tunkuyi, ya cusa shi ƙarƙashin ɗan'uwansa ya ɗaga, burinsa ya birkice shi rigingine. Huhun kunkuru a sama yake, manne da ƙoƙon baya, saboda haka in ya juya kayan cikinsa ne ke danne huhun. Ku haɗa wannan da ranar bazara a kan siminti, kafin maigida ya dawo daga kasuwa sai a tarar da gawa. Idan kun same shi haka, ku mirgino shi a hankali ta gefe, a kai shi inuwa, a yayyafa masa ruwan randa, ban da ruwan ƙanƙara.

Yanzu rauni. Da farko a raba su, a ɗora mai ciwon kan tsohuwar tabarma ko kwali mai tsabta, a duba wuya, ƙafafuwa, gindin wutsiya da gefen ƙoƙo, don nan ne cizo da tunkuyi suka fi sauka. In jini na zuba, a danna da tsumma mai tsabta na 'yan mintoci. Sannan a tafasa ruwa rabin lita, a zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce, a wanke wurin har ƙasar da ta shiga ta fita. A kawo aidin irin na Betadine a sirka da ruwa har ya koma kalar shayin da bai ji ganye ba, a goga sau ɗaya ko biyu a rana. Man ƙuna da ake sayarwa a kemis, silver sulfadiazine, yana da kyau a shafa bayan nan.

Babban maƙiyinku ƙuda ne. Ya yi ƙwai a ciwon, kwana ɗaya sai tsutsa, ita kuma tana shigewa can ƙarƙashin ƙoƙo inda ido ba ya kaiwa. Don haka mai jinya ɗaki za a sa shi, ko a kifa masa gidan sauro, har ciwon ya bushe.

A nan ina roƙon ku da babbar murya, musamman masu kiwo: kada ku yi wa kunkuru allurar ivermectin. Na san ita muke yi wa awaki da shanu in tsutsa ko kaska ta dame su, amma ga kunkuru guba ce, tana shanye masa jiki ta kashe shi. Haka baƙin mai, toka da barkono, duk a bar su. Kuma in ƙoƙo ya tsage, kada a toshe da gam ko siminti. Ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiya, haƙarƙarinsa da ƙashin bayansa a ciki suke. In ka liƙe shi da datti a ciki, ruɓewa zai yi ta ƙarƙashi. Tsagewa mai zurfi, ko ciwon ido, ko kumfa a hanci, ko ƙafar da ya daina takawa, wannan aikin likitan dabbobi ne. Waɗanda ke kusa da Zariya, Sakkwato ko Maiduguri, jami'o'in can suna da asibitin koyarwa na dabbobi. Kuma a yi haƙuri, ƙoƙo kan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara, kafin ya haɗe. Da hunturu warkewa ta fi nawa, tunda ɗumin jikinsa daga waje yake samu, sai a riƙa fito da shi hantsi a gaban idonku, a kuma tsayar da shi cikin ruwa mai ɗumi da bai wuce haɓarsa ba na minti 20 don ya sha.

To, yaya za a hana faɗan? Mutane kan ce min, ai tare suka tashi tun suna kamar tafin hannu. Gaskiya ne, amma a lokacin ba a ma iya gane namiji da mace. Sai sun yi shekaru za ka ga cikin namiji ya lotsa, wutsiyarsa ta yi tsawo, to daga nan zaman lafiya ya ƙare. A daji kowa da raminsa, ba dabbar garke ba ce, kuma kaɗaici ba ya damunsa. Maza biyu da suka taɓa gwabzawa ba sa shiryawa, ko an raba su wata uku ranar da suka haɗu za su ɗora daga inda suka tsaya, abin ya fi tsanani daga damina zuwa kaka, lokacin barbara. Ita ma mace ɗaya tilo da namiji wahala take sha, bi da cizo ba hutu, a ware mata wurin da za ta huta.

Katangar rabuwa ta zama ta bulo ko katako mai kauri wadda ba sa hango juna, domin in waya ce zai yini yana turawa har ya goge fuskarsa. Tsayinta ya kai gwiwa ko ya ɗara, a kuma nutsa tushenta cikin ƙasa, tunda gwanin haƙa ne. Kowane ɓangare a ba shi inuwarsa, da kaskon ruwansa, da wurin zuba masa ciyawa da harawa.