Amsoshin Tambayoyinku: Faifai nawa manyan mawaƙa suka sayar?

Jama'a masu sauraro, wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani malamin makaranta a Damagaram, wanda ya ce ya karanta a wata jarida cewa an sayar da kwafi miliyan 70 na kundin waƙoƙin Michael Jackson mai suna Thriller, sai kuma ya ga wata jaridar ta ce adadin ya haura miliyan 100. Yana son ya san wanne ne gaskiya, da dalilin da ya sa alƙaluman suke karo da juna haka.

To, Malam, mun gode da wannan tambaya. Tushen matsalar shi ne babu wata hukuma guda ɗaya a duniya da ke ƙirga duk faifan da aka sayar. Ƙasashen da ke da babbar kasuwar waƙa kowace tana da ƙungiyar kamfanonin faifai tata, kuma kowace da ma'auninta. A Amurka ƙungiyar RIAA ce ke ba da takardar shaida, ta fara da lambar zinare a 1958, ta ƙara ta Platinum a 1976. A yau zinare na nufin kwafi 500,000, Platinum kuma miliyan ɗaya, alhali a Birtaniya kwafi 300,000 sun isa a ba kundi Platinum. Thriller, wanda ya fito a ƙarshen 1982, yana da shaidar kwafi miliyan 34 a Amurka kaɗai. Idan aka haɗa da shaidun sauran ƙasashe, aka ƙara da ƙiyasin wuraren da ba a ƙirga ba, masu bin diddigi sun fi karkata ga miliyan 70. Batun miliyan 100 kuwa iƙirari ne da ya yaɗu ba tare da takardun da za su tabbatar da shi ba.

Ita kanta takardar shaidar, ya kamata mai sauraro ya san abin da take ƙirgawa. Shekaru da dama abin da aka riƙa lissafawa shi ne kayan da kamfani ya tura wa dillalai da kantuna, ba wanda mai saye ya biya kuɗi ya tafi da shi gida ba. Kamfani na iya loda kwalaye a mota ya watsa su cikin kasuwa, ya karɓi lambar yabo, bayan 'yan watanni kuma masu kantuna su maido masa da abin da ya yi kwantai. Haka kuma kundin da ke ɗauke da faifai biyu ana iya ƙirga shi sau biyu, shi ya sa The Wall na ƙungiyar Pink Floyd yake da shaidar miliyan 23 a Amurka, alhali kwafin da aka fitar rabin haka ne. Sannan ba a ba da shaidar sai kamfani ya nema, ya biya kuɗin binciken littattafansa. Kamfanin Motown na birnin Detroit bai buɗe wa RIAA littattafansa ba sai a ƙarshen shekarun 1970, don haka waƙoƙinsa da suka cika gidajen rediyo a shekarun 1960 da yawansu sun daɗe ba su da wata shaida, duk da irin cinikin da suka yi.

Sai a 1991 aka fara ƙirga ciniki na zahiri a Amurka, lokacin da tsarin SoundScan ya soma tattara bayanai kai tsaye daga na'urorin karɓar kuɗi na kantuna. Kafin nan mujallar Billboard, mai fitar da jadawalin waƙoƙin da suka fi ciniki, ta dogara ne da abin da masu kantuna suka faɗa mata, kuma mai kanti yana iya mantuwa, yana iya fifita wanda yake so. Da aka koma ga na'ura sai ga mawaƙan da ake yi wa kallon na gefe, irin su Garth Brooks da mawaƙan rap, sun haye saman jadawali. A ganina wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi taka-tsantsan da duk wani adadi da ya shafi zamanin da ya gabaci 1991, wato zamanin Elvis Presley, wanda ya rasu a 1977 kuma ake yawan cewa ya sayar da faifai biliyan ɗaya, da zamanin ƙungiyar Beatles. Irin waɗannan manyan alƙaluma galibi daga kamfanoni da masu tallata mawaƙi suke fitowa, jarida ta ɗauka, wata ta kwafa daga gare ta, har maganar ta zauna kamar an tantance ta.

Zuwan intanet ya ƙara dagula lissafin, domin tun 2016 RIAA tana ɗaukar sauraren waƙa sau 1,500 ta intanet a matsayin kundi ɗaya da aka sayar, ko da kuwa babu wanda ya sayi komai.

Wata mai sauraronmu daga Funtuwa ta yi tambaya mai kama da wannan, tana son ta san kaset nawa na marigayi Alhaji Mamman Shata aka sayar. Hajiya, a nan lamarin ya fi wuya. Shata ya rasu a 1999, kuma galibin waƙoƙinsa sun isa ga jama'a ne ta gidajen rediyo da masu ɗaukar kaset a kasuwanni, inda mutum zai kawo kaset ɗin da babu komai a kansa, a ɗaukar masa waƙar da yake so, ya biya ya tafi, babu rasit, babu rajista. Wannan kaset ɗin ma sai a sake kwafarsa a Maraɗi ko Kumasi. Don haka duk wanda ya ba ki wani adadi a kan Shata, ki tambaye shi wanda ya ƙirga da kuma littafin da aka rubuta shi a ciki.