Amsoshin Tambayoyinku: Dawakin Inji da Lambobin Wasan Tsere

Assalamu alaikum masu saurare, barkanku da war haka daga nan Yamai. Wasiƙun wannan mako na ma'abota mota ne.

Ta farko daga wani matashi ce a unguwar Bukoki. Ya ce a wasan bidiyo na tseren mota mai suna Gran Turismo yakan ɗauki motar da ta fi yawan dawaki, wato awon ƙarfin inji, amma abokinsa ya bar shi a baya da wadda ba ta kai tasa ba. Shin ha'inci wasan yake yi?

Ƙanena, babu ha'inci ko kaɗan. Lambar dawakin nan da kake gani ƙololuwar ƙarfin injin ce, kuma ba ya ba da ita sai juyinsa ya kai wani matsayi. Abu biyu ake ninkawa a samo ta: ƙarfin murɗawar inji, da yawan juyin da yake yi a minti ɗaya. Dubi Honda S2000 da ta fito a 1999. Injinta lita 2 ne kacal, amma dawaki 240 gare ta, sai dai ba ta sakin su sai allurar da ke nuna juyin inji ta hau juyi 8,300, ƙarfin murɗawarta kuwa nyuton-mita 208 ne. To ga Land Cruiser mai injin gas 1HZ, wadda duk wanda ya bi hanyar Tawa zuwa Agadas ya san gurnaninta. Dawakinta wajen 130 ne, amma tana murɗa nyuton-mita 285 tun a juyi 2,200. Shi ya sa take fita daga rairayi da kaya niƙi-niƙi ba tare da ihu ba, ko da yake giyarta da ƙafafunta huɗu masu ja su ma suna da nasu rabon.

A cikin wasan ma haka abin yake. In ka fito daga kwana da S2000 allura tana ƙasa da 6,000, ka ba ta wuta, za ka ji ta yi nauyi, sai ta haye nan muryar injin ta sauya ta zabura. Mota mai babban turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ita ma takan ɗan yi jinkiri, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya har tayoyin baya su sulɓe. Ina kyautata zaton abokinka giya ya iya sauyawa a kan kari. Ka buɗe shafin gyaran mota, akwai zanen layi biyu da ke nuna inda ƙarfin yake hawa da inda yake sauka. Lambar PP, wato makin da wasan ke ba kowace mota, kuma ta fi dawaki faɗa maka gaskiya, domin ta haɗa har da nauyin mota da irin tayoyinta.

Wata baiwar Allah daga Tawa ta ce ɗanta ya dage wai wasan zai mai da shi direban tsere.

Hajiya, an taɓa yi. A 2008 Nissan da Sony suka buɗe gasar GT Academy, Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya ya lashe ta farko, a 2011 kuma motar da shi da abokan tuƙinsa suka tuƙa ta zo ta biyu a ajinta a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Amma sai da ya sha horo mai tsanani a filin tsere na gaske. Wasa yana koya wa yaro inda ake taka birki, ba ya nuna masa yadda kwana take fizgar wuya. Ina roƙonki, kada ya gwada a kwaltar gari, inda kabu-kabu da amalanke da 'yan makaranta suke.

Sai wani direba daga Wadata da ya ga an rubuta CV 11 a takardar motarsa, alhali Bugatti Veyron ta 2005 dawaki 1,001 gare ta. Shin dawakin motarsa 11 ne kacal?

Malam, lambar CV ɗin nan ta lissafin haraji ce, ba awon ƙarfi ba. Dokin awo ɗaya kusan wat 735 ne, kuma ainihin dawakin motarka suna cikin littafin kamfanin da ya ƙera ta.

Lokaci ya cim mana, ragowar wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.